Yawon Buɗe Ido: A Fara da Hanya Kafin Otal

Duk lokacin da wata gwamnati a Arewacin ƙasar nan ta tashi maganar farfaɗo da harkar yawon buɗe ido, abin da ke fara faɗowa daga bakin kwamishina shi ne gini. Za a gina katafaren otal, a yi masa ƙofa mai ado, a haɗa da zauren taro mai cin mutum dubu. A tara maroƙa da 'yan jarida ranar buɗewa, a ɗauki hotuna, kowa ya watse, bayan 'yan shekaru jemagu su gaji wurin. A nawa ganin, mun daɗe muna fara wannan aiki daga inda ya kamata a ƙare shi. Hujjata kuwa ita ce wata siririyar hanyar kekuna da ke bin gaɓar Kogin Danub a Turai, wadda a wurare da dama faɗinta bai fi na mota ɗaya ba, amma take ciyar da ƙauyuka masu yawan gaske.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin wurin. Danub shi ne kogi na biyu a tsawo a nahiyar Turai. Yana tasowa daga kudu maso yammacin Jamus, ya yi tafiyar kimanin kilomita 2,850, ya taɓa ƙasashe goma, kafin ya zuba a Bahar Aswad. Sashen da nake magana a kai ya fara ne daga Passau, wani garin Jamus da ke bakin iyakar Ostiriya inda koguna uku suka haɗu, ya ƙare a Biyana, babban birnin Ostiriya. Tsawonsa kimanin kilomita 330 ne, wato ya ɗara nisan Kano zuwa Kaduna da kusan kilomita 100. Daga watan Afrilu zuwa Oktoba na kowace shekara, dubun dubatar mutane ke bin wannan hanya a kan keke, yawancinsu cikin kwana shida ko bakwai, suna cin kilomita 50 ko 60 a yini. Kada mai karatu ya zaci 'yan tsere ne masu matsattsun kaya. Akasarinsu tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, da ma'aurata da 'ya'yansu, da malaman makaranta da likitocin da suka ɗauki hutu. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne, wanda ya bi kogi inda ruwa ya nufa ba ya haɗuwa da hawa mai wahala, ga shi kuma iskar yankin ta fi kaɗowa daga yamma, don haka tana bayan mai tafiya Biyana.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihin wannan hanya shi ne, asalinta ba ta da wata alaƙa da shaƙatawa. Shekaru aru-aru kafin zuwan inji, jiragen ruwan da ke dakon gishiri da hatsi da sauran kaya kan gangara da ƙarfin ruwa, amma idan za su komo sama, sai an ɗaura musu igiya dawaki su ja su daga bakin gaɓa. Dawakin nan dole su sami inda za su taka, saboda haka aka shata musu turba a gefen kogin. Da aka kafa kamfanin jiragen ruwa masu tururi na Danub a 1829, sana'ar jan jirgi da doki ta fara mutuwa, amma turbar ba ta ɓace ba, domin masu kula da kogin suna buƙatarta wajen duba gaɓa da gyara ta. A ƙarni na ashirin kuma aka jera wa kogin madatsun ruwa na samar da lantarki, irin su Jochenstein da aka gama a 1956 da Ybbs-Persenbeug a 1959, aka yi musu dogayen ganuwoyi na tare ruwa, a kan kowace ganuwa kuma akwai hanyar da ma'aikata ke bi. A shekarun 1980 ne hukumomin jihohi da na garuruwan bakin kogin suka lura cewa idan aka haɗa turbar dawaki da hanyar ma'aikatan madatsa, aka cike gurbin da ke tsakaninsu, aka zuba kwalta aka kafa alluna, to an sami hanyar da mutum zai bi kwana da kwanaki ba tare da mota ta hura masa hayaƙi ba. Abin da suke da shi a hannu suka gyara, kuma kuɗin da aka kashe bai kama ƙafar na babban titin mota ba.

Sirrin abin yana cikin rashin yankewa. Hanyar keke da ta yi kilomita biyar ta jefa mutum cikin manyan motoci ba ta da amfani ga mai tafiya da yaro ɗan shekara goma. A Danub, mafi yawan tafiyar ana yin ta ne nesa da motoci, kuma a sassa da dama akwai hanya a gaɓoɓin biyu. Inda dutse ya tare gaba, kamar a wajen Schlögen inda kogin ya yi wata irin lanƙwasa har ya kusa komawa inda ya fito, akwai ƙananan jiragen fito da aikinsu ke nan, su ɗauki mutum da kekensa su tsallakar da shi. Wanda ya gaji ko ruwan sama ya tare shi, yana iya shiga jirgin ƙasa ko na ruwa da kekensa ya ƙarasa zangon ranar. Alluna kuwa suna gaya masa sunan gari na gaba da yawan kilomitocin da suka rage. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a kira abin al'ajabi, sai dai an yi su duka, kuma ana kula da su.

To, ina ribar take? A nan ne nake son masu tsara mana manufofi su buɗe kunne. Saurin tafiyar baƙo shi ke yanke hukuncin inda kuɗinsa zai faɗi. Wanda ya taso daga Passau a mota zai isa Biyana cikin kimanin awa uku, kuma duk abin da ƙauyukan da ke tsakani za su samu daga gare shi bai wuce ƙarar inji ba. Mai keke kuwa yunwa na kama shi duk bayan awa biyu ko uku, ƙishirwa ba a magana, ba ya iya ɗaukar guzuri mai yawa, kuma dole ya kwana sau biyar ko shida a garuruwa daban-daban. Kuɗinsa na warwatsuwa kamar yayyafi: mai gidan baƙi ya samu, mai burodi ya samu, mai gyaran keke da mai jirgin fito su samu, haka ma manomin da ya kafa tebur a ƙofar gonarsa yana sayar da 'ya'yan itace. Har wata sana'a ta tsiro ta masu ɗaukar jakunkunan matafiya a mota daga masaukin jiya zuwa na yau, don mutum ya yi tafiyarsa sakayau. A Jamus, ƙungiyar masu hawan keke ta ƙasar ta fito da wani tsari tun 1995 na ba masaukai shaidar cewa sun dace da mai keke, kuma sharuɗɗan ba su da tsada: a karɓi baƙo ko da kwana ɗaya zai yi, a ba shi inda zai kulle kekensa da dare, da inda zai shanya jiƙaƙƙun kayansa, da 'yan kayan gyara, da karin kumallo mai riƙe ciki. Dubban masaukai ne suka shiga tsarin, da yawansu gidajen iyali ne masu ɗaki kaɗan.

Ga mai son alƙaluma, wani bincike da aka yi wa Majalisar Dokokin Tarayyar Turai a 2012 ya ƙiyasta cewa ana yin tafiye-tafiyen yawon buɗe ido a kan keke kusan biliyan 2.3 a shekara a nahiyar, waɗanda darajarsu ta kai Yuro biliyan 44. Mafi yawansu fita ce ta yini guda, mutum ya je ya dawo gida ya kwana, kuma wannan ma abin lura ne, domin yana nuna cewa 'yan ƙasa ne ke riƙe da harkar kafin baƙin waje. Hanyar Danub ɗin yanzu wani yanki ce na doguwar hanya mai lamba shida a cikin tsarin EuroVelo, wadda ta taso daga gaɓar Tekun Atlantika a Faransa ta ƙare a Romaniya, kuma tsarin baki ɗaya yana da hanyoyi 17. Akwai irinta da ta kewaye Tafkin Constance, kimanin kilomita 260, ta ratsa Jamus da Ostiriya da Suwizalan.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma fa sai tafiyar da ta bar mutum ya ga inda yake wucewa. Mai bin Danub a keke zai ratsa birnin Linz, kaɗan gaba ya iske allon da ke nuna masa hanyar Mauthausen, sansanin da 'yan Nazi suka hallaka mutane aƙalla 90,000 a cikinsa da rassansa. Ba su ɓoye wannan abin kunya ba, sun bar shi a buɗe don mai wucewa ya tsaya ya gani. Daga nan sai Melk mai tsohon gidan ibadar Kirista a kan dutse, sai kwarin Wachau mai gonakin inabi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekara ta 2000. A wannan kwari ne garin Dürnstein yake, inda aka tsare Sarkin Ingila Richard a ƙarshen 1192, yana kan hanyarsa ta komawa gida bayan gwabzawarsa da Salahuddin Ayyubi. Wachau na daga cikin 'yan wuraren da kogin ke gudu yadda Allah ya halicce shi a Ostiriya, saboda a shekarun 1970 mutanen kwarin sun tashi tsaye sun ƙi yarda a yi musu madatsa. Yau jikokinsu na cin moriyar wannan taurin kai.

Ba na cewa abin ba shi da aibi. Hanyar da ke bakin kogi tana hannun kogi. Ambaliyar 2002 da ta 2013 sun yi ɓarna mai yawa a wannan yanki, har a Yunin 2013 ruwa ya kai matsayin da Passau ba ta ga irinsa ba cikin kimanin shekara 500, kuma duk lokacin da haka ta faru sai an rufe sassan hanyar an kwashe laka an yi gyara. A watannin Yuli da Agusta cunkoso kan yi yawa, musamman a lungunan ƙauyukan Wachau, ga kuma kekuna masu batir da suka ƙara wa tsofaffi gudun da ba su saba da shi ba (a Jamus, a 2023, irin waɗannan kekuna sun zarce na gargajiya a yawan ciniki). Amma waɗannan matsaloli ne na wanda kasuwarsa ta ci.

Na san abin da wani zai ce: wannan ai Turai ce, masu ƙoshi ne ke neman abin da za su yi da ƙafafunsu. To, Ruwanda fa? A 2011 ta buɗe wata hanya mai kilomita 227 da ke bin gefen Tafkin Kibu daga Rubavu zuwa Rusizi, ta masu tafiya a ƙasa da masu keke. Mafi yawanta turbar ƙauye ce ta jar ƙasa, ga hawa da gangara, tana ratsa gonakin kofi da ayaba da ƙauyukan masunta. Wannan ƙasa ce da ta fito daga kisan ƙare dangi a 1994, kuma a Satumban 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Su ma da abin da suke da shi suka fara.

Dalilin da ya sa labarin turbar dawakin Danub ya tsaya mini a rai shi ne, muna da irinta, muna kuma wuce ta kullum. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da marigayi Audu Bako ya assasa, daga ita kuma aka ja manyan hanyoyin ruwa na noman rani da suka ratsa yankunan Bunkure da Garun Malam da Kura. A gefen manyan hanyoyin ruwan nan akwai turbar da aka tanada don ma'aikatan da ke duba su, kuma da yake ruwa ba ya hawa tudu, turbar shimfiɗaɗɗiya ce. Daidai lokacin da yanayinmu ya fi daɗin hawan keke, wato Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da wannan yanki ke zama kore shar da tumatir da albasa da alkama, alhali sauran ƙasa ta bushe. Da aka tashi yi wa yankin tanadin baƙi, me aka yi? Otal aka gina a bakin Tafkin Bagauda, wanda yanzu harabar Makarantar Horar da Lauyoyi ce. Ba na ƙin makarantar, ta amfani wurin. Amma wannan ya nuna cewa gini shi kaɗai ba ya kiran baƙo, idan babu abin da zai yi bayan ya ajiye jakarsa ya leƙa ruwa ta taga.

Haka abin yake a dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye ke tasowa daga Turai su yi hunturu a wurinmu kowace shekara, kuma wani sashensa ya shiga jerin dausayoyin da duniya ta amince a kare tun shekara ta 2000. Tsuntsun Turai ya san hanyar Nguru, ɗan bokon Kano da ke da nisan 'yan awoyi bai taɓa zuwa ba.

Abu biyu ne suka tsaya mana a gaba, kuma babu amfanin yi musu kwana-kwana. Na farko raini. Kakanninmu sun ɗauki keken Raleigh a matsayin dukiya, malamin makaranta da ma'aikacin En'e kan goge nasa har ya yi ƙyalli, mu kuma da yawanmu da keken haya muka koyi faɗuwa da tashi. Amma tun da kuɗin mai ya shigo, keke ya koma tambarin talauci, har ya zama idan aka ga babban ma'aikaci a kansa sai a fara tambayar ko lafiya. Mai karatu zai tuna yadda aka mai da marigayi Ojo Maduekwe abin dariya lokacin da yake Ministan Sufuri yana kiran jama'a su koma hawan keke, musamman bayan da wata motar bas ta tura shi cikin kwata a Abuja a 2001, yana kan hanyarsa ta zuwa taron majalisar zartarwa. An yi dariya an more, amma ba a tsaya an karanta abin da haɗarin ya nuna ba, wato ko minista ne bai tsira a kan keke ba muddin titi ɗaya ya haɗa shi da bas. Kuskurensa shi ne ya kira mutane su hau kafin a yi musu inda za su bi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aljihu ya fara koya wa mutane abin da ministan ya kasa koya musu, sai dai har yau titin bai canza ba.

Na biyu shi ne tsaro, kuma shi ne mai nauyin. Mai keke ba shi da gilashi, ba shi da gudun tsira, ba ya tafiya da 'yan rakiya. Saboda haka ba zan yaudari kowa in ce a shata hanyar shaƙatawa a bakin Bakolori ko dajin Kainji ko gaɓar Tafkin Chadi a halin da ake ciki ba. Ko bikin kamun kifi na Argungu, da duk shahararsa, sai da ya yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020. Amma wannan hujja ce ta zaɓen wuri da hankali, a fara daga inda manoma da 'yan kasuwa ke kai da komo lafiya da rana, kusa da babban gari, mutum ya fita da safe ya dawo kafin magariba. Ina ma ganin babu ma'aunin zaman lafiya da ya kai wannan gaskiya. Gwamna na iya cewa an samu tsaro yana cikin jerin gwanon motoci, amma ranar da magidanci ya yarda ya ɗauki 'ya'yansa a kekuna suka yi kilomita 20 a bayan gari, ranar ce maganar ta tabbata.

Akwai kuma mai cewa ana fama da abin sawa a baki, wa ke ta yawon shan iska? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin turbar kanta. Hanyar da za ta ɗauki likita daga Kano ranar Asabar ita ce za ta ɗauki ɗan makaranta ranar Litinin, ita ce kuma manomi zai bi da kwandon tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Baƙon da nake hange ba Bature ba ne mai kyamara. Mu ne, ma'aikatan banki da malaman jami'a da 'yan kasuwar da likita ya ce su rage tumbi saboda hawan jini da ciwon suga, waɗanda ke kashe kuɗin hutunsu a Dubai ko Alƙahira alhali 'ya'yansu ba su taɓa ganin yadda ake dashen shinkafa a Kura ba. Kuɗin da irin waɗannan za su kashe a yini ɗaya, a wurin mai shayi da mai ƙosai da mai fura da mai faci, ba ya bi ta hannun ɗan kwangila kafin ya isa ƙauye.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda hanyoyin ruwan ke hannunta, ta zauna da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin da abin ya shafa da masu unguwanni, a zaɓi kilomita 30 ko 40 a jere waɗanda ba su yanke ba. A zuba jar ƙasa a daddale, kwalta ta jira. A dasa darbejiya don inuwa, a sa famfon tuƙa-tuƙa da wurin alwala da makewayi duk bayan 'yan kilomitoci, a kafa alluna da boko da ajami. A hana manyan motoci bi, amma kada a yi gangancin hana manomi wucewa da babur ɗinsa ko amalankensa, domin shi ne mai wurin, kuma ranar da ya ga hanyar ta zama ta 'yan birni, ranar ta mutu. Inda turbar ta matso bakin ruwa mai zurfi a yi shinge saboda yara.

Sai kuma abin da muka fi rauni a kai. Mutanen Ostiriya na komawa su kwashe laka duk bayan ambaliya, shi ya sa hanyarsu ta kai shekara 40 tana aiki. Mu damina ɗaya ta isa ta cinye turbar jar ƙasa idan ba a waiwaye ta ba. Don haka kafin a sa ranar buɗewa, ina son in ga layi guda a kasafin kuɗin kowace shekara na gyaran hanyar a watan Oktoba, tare da sunan ofishin da za a je a tambaya idan Nuwamba ta kama ba a yi ba.